Ina Mu, Ina Daji?

Mu 'yan ruwa ne a Mai Wurno.
Kakanmu ya taso a ƙafa zai tafi hajji,
Shuɗin Nilu ya tare shi da kifi, ya zauna.
To ina mu, ina daji?

Haka Haladu ya ce a asibitin Wad Madani
da guntuwar muryar da ta rage masa,
kamar ana jan busasshen kara a kan tabarma.
Likita Intisar ta dube ni in fassara.
Ban fassara ba.
Wasan ba ya haye kogi zuwa Larabci.

Wata bakwai ke nan lomar asida
na tirjewa a maƙoshinsa kamar jaki a bakin jirgi.
Muka ce ƙayar ƙarfasa ce.
Muka ce sanyin asuba ne.
Muka jiƙa bagaruwa, muka sayo zuma.
Daga asida ya koma kunu,
daga kunu ya koma shayi,
yanzu shayin ma sai da lallashi.

Ta ce, shekara nawa yana sha?
Yayana ya ƙura wa fankar ɗakin ido.
Ni na amsa: ashirin da takwas.
Na sani don ni ne ɗan aike.
Ina shekara goma nake ɗauko aragi
a jarkar man girki, ƙarƙashin taru,
fari tas kamar ruwan randa.
Dabinon da muke buɗa baki da shi,
shi aka tafasa ya zama wuta.

Ta zana maƙogwaro a bayan takardar magani.
Ta ce giya ba wucewa kawai take yi ba.
Cikin jiki tana rikiɗa guba
mai ɓata rubutun da ke cikin tsoka,
jiki ya gyara, ta sake ɓatawa,
har wata rana gyaran ya karkace.
Baki, maƙoshi, hanta, hanji,
ga mata har da nono.
In taba ta shigo, sun zama gara da zago.
Ta ce ba duk mai sha ke kamuwa ba,
ba duk mai ciwon ne ya taɓa sha ba,
amma kowane kofi ƙarin dutse ne a kwalekwale.

Haladu ya ɗaga yatsu yana ƙirga.
Wuta, liman ya faɗa mana.
Bulala, na gan ta a bayan Jibo.
Talauci, matata Kaltume ta faɗa har ta gaji.
Wannan fa?
Wannan ba wanda ya taɓa faɗa mini.
Na ce, da ka ji, da ka bari?
Ya yi shiru har aka kira mai lamba ta gaba.

Yau kwana tara ana gasa masa wuya da na'ura.
Muna kwana a gindin darbejiya da mutanen Gadarif,
kowa da butarsa, kowa da marar lafiyarsa.
Wata tsohuwa ta tambayi me ya kawo mu,
na ce ƙaddara.
Ban yi ƙarya ba, ban kuma gama magana ba.

Abin da ban gaya wa likita ba:
akwai tawa jarkar a gida,
bayan tsohon injin jirgi, cike har rabi.
Kofi ɗaya ne, daren Alhamis kaɗai,
haka nake ce wa kaina,
haka shi ma ya fara cewa.

Jiya ɗana Ilu ya bugo waya
wai ya gyara taru, ya tsinci wata jarka,
ya kai mini ita ina?
Shekararsa goma.
Na haɗiyi yawu, na saurari yadda ya wuce.
Na ce, kar ka ɗauka.
Bar ta nan, in na dawo ni zan ɗauka.